Steam Deck a Makon Farko: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Duk wanda ya sayi Steam Deck, na'urar buga wasanni ta hannu, a cikin abokanmu, kafin sati ya zagayo sai ya kawo min ita da ƙorafi, kuma ƙorafin bai canzawa: ta shanye data, ƙwallo ta ƙi buɗewa, tana zafi, batir ba ya jimawa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa an yi asarar kuɗi. Yawancinmu da PSP muka taso, inda za ka zura memori kawai ka hau bugawa. Wannan kuwa, da kamfanin Valve ya fitar a Fabrairun 2022, kwamfuta ce sukutum mai aiki da babbar manhajar SteamOS, wadda aka gina a kan Linux maimakon Windows. Wanda bai san haka ba tun ranar farko, shi ne zai sha wahala.

Bari in fara da data, don ita ce ta fi ƙona min rai. Ranar da tawa ta iso na haɗa ta da wayata, na danna sauke wasanni, na kwanta. Da asuba datar wata guda ta tafi, wasan da na fi so ko rabi bai kai ba. Manyan wasannin kwamfuta ba irin na waya ba ne. Red Dead Redemption 2 kaɗai ya haura giga 100. Bayan wasan kansa, na'urar tana sauke wasu fayiloli na gyaran hoto don kada wasa ya riƙa sarƙewa, ga sabunta manhaja, ga sabunta kowane wasa da ka ajiye ko da ka manta da shi. Duk a ɓoye, ba sallama. An ƙera ta ne da tunanin gidan da intanet ba ya ƙarewa, mu kuwa da awo muke saya.

Abin da nake yi yanzu shi ne, kowane wasa na shiga saitinsa na ce kada ya sabunta kansa sai ranar da na buɗe shi. In na sauke sabon wasa, nakan buɗe shi sau ɗaya da intanet don ya kammala rajistarsa, sannan in mayar da na'urar yanayin rashin intanet, in bar ta a haka. Wasu suna ganin wannan takura ce. Su dai suna da kuɗin data. Akwai kuma wata dabara da mutane ba su cika sani ba: in abokinka yana da wasan a kwamfutarsa, kai ma ka saye shi a asusunka, Steam, wato shagon wasannin Valve na intanet, yana ba da damar kwafe shi ta Wi-Fi ɗaya tsakaninku, ba sai an sake jawo shi daga intanet ba.

Sai maganar ƙwallo. Haba jama'a! Mutum ya tara kuɗi wata da watanni, ya sayi na'ura saboda EA Sports FC, bai tambayi kowa ba ko tana ɗaukarsa. Ba ta ɗauka a SteamOS. Manhajar hana maguɗi da ke cikin wasan ba ta aiki da Linux, haka ma Fortnite. Ko GTA V, tun Satumbar 2024 ɓangarensa na intanet ya daina aiki a kanta, sai dai na labari. Kuma ba ɓoye wannan aka yi ba. A shagon Steam kowane wasa da aka gwada yana da alama: kore na nufin yana tafiya lafiya, ruwan ɗorawa na nufin zai yi amma da 'yan gyare-gyare, alamar hani kuma na nufin kada ka ɓata kuɗinka. Dubawar minti ɗaya ce a waya kafin ka je kasuwa. Wani ƙanena da na gaya wa haka ya ce ai mai shago ya rantse masa tana buga komai. To mai shago kaya yake son sayarwa, me kake so ya ce? Ana iya ɗora mata Windows don a samu ƙwallon, amma ni ban ba sabon shiga shawarar haka ba, domin zai rasa sauƙin da ya sa aka sayi na'urar tun farko. In ka riga ka sayi wasan da ya ƙi, Steam na mayar da kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga shi awa 2 ba.

Tunda an zo kan masu shago: Valve ba ya sayar da ita kai tsaye a Najeriya, don haka abin da ke hannunmu ko ta hannu ce ko wadda wani ya shigo da ita. Idan an ce maka "cike take da gem", tambayi asusun wa. Wasannin na mai asusun ne, ranar da ya canza kalmar sirri ka tashi a tutar babu. Buɗe naka, ka goge na'urar ta koma yadda ta fito daga kamfani.

Zafi kuma namu ne, ba laifinta ba. Valve da kansa ya ce ta fi aiki daidai a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali Kano ko Sakkwato a watan Afrilu sukan haura 40. Ta baya take shaƙar iska ta fitar ta sama, amma sai ka ga yaro ya kwanta ya ɗora ta a kan filo ya toshe ramukan, fankarta tana ihu, shi yana cewa ta lalace. Injinta na rage gudu in ya kai digiri 100, ya kashe kansa a 105. Ni da rana ba na buga manyan wasanni sai gaban fanka, kuma lokacin hunturu a jakarta take kwana saboda ƙura.

Batir ma haka. Steam Deck ta farko mai allon inci 7 an ce tana yin awa 2 zuwa 8, ya danganta da nauyin wasa, kuma sabon shiga kullum a awa 2 yake ƙarewa don ya bar komai a ƙure. Danna maɓallin nan mai ɗigo uku, ka rage gudun hoto zuwa 40 ko 30 a daƙiƙa, ka rage hasken allo. A ƙaramin allo irin wannan da ƙyar idonka zai ga bambanci. Mai allon OLED da ta fito a Nuwamban 2023 batirinta ya fi girma, amma ita ma ba ta son ganganci.

Caja: nata mai ƙarfin wat 45 ne. Cajar waya ba za ta riƙe ta ba, fawa banki ma sai mai irin wannan ƙarfin.

Katin memori kuwa, in ka zura shi ka yarda ta tsara shi, komai na ciki ya tafi. Na ga wanda ya cire na wayarsa da hotunan bikin yayarsa a ciki, ya danna "eh" ba tare da karantawa ba. Sayi sabo, kuma ka guji mai arhar banza da aka rubuta wa 512GB, jabu ya yi yawa. In za a buɗe bayanta don ƙara ma'ajiya, a cire katin tukuna, in ba haka ba murfin zai karya shi gida biyu.

Masu son kallo su daina neman Netflix a shagon wasanni, babu shi a can. A koma ɓangaren kwamfuta, a buɗe Discover, wato shagon manhajojinta, a sauke VLC ko Kodi don finafinan da ke kan kati, ko Chrome don kallo ta intanet, sannan a ƙara su cikin jerin Steam yadda za su fito tare da wasanni. Nauyinta ya kusa giram 670, don haka mai niyyar kallon awa biyu a kwance ya nemi abin jingina ta.