Babi na Shida: Sauya Katirij da Haɗa Wayoyin Kan Garmaho

Darasi na 1: Ciro kan

Ku duba ƙarshen hannun garmaho, wajen da allura take. Abu uku ne a haɗe. Akwai kan, wato ɗan ƙarfen da ake cirewa daga hannu. A ƙarƙashinsa akwai katirij, ƙaramin akwatin da ke mayar da motsin allura ya zama sauti. Allurar kuma tana jikin katirij ɗin.

Ku tanadi ƙaramar sukudireba, da matsefata, da tsinken sakace, da farin ƙyalle da za ku shimfiɗa a kan tebur, don notocin ƙanana ne, in ɗaya ya faɗi ƙasa sai an sha wahalar nemansa.

Da farko a kashe amfilifaya. A kwantar da hannun a mazauninsa a kulle. A rufe allura da murfinta na roba. Sai ku riƙe kan da hannu ɗaya, ku murɗa zoben da ke bayansa har ya saki, ku jawo kan a miƙe. Kafin ku taɓa komai, ku ɗauki hoton wayoyin da wayarku. Wanda ya kai nan ya yi ƙoƙari, madalla.

Darasi na 2: Wayoyi huɗu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a kai. Kada kowa ya ji kunya in ya rikice.

Wayoyin huɗu ne, kowace da launinta. Fara da shuɗiya na hagu ne. Ja da koriya na dama ne. Fara ce mai ɗauke da sautin hagu, shuɗiya ce at ɗinta, wato wayar da ke kammala zagayen lantarkin. Ja ce mai ɗauke da sautin dama, koriya ce at ɗinta. Ku faɗa da baki: fara da shuɗiya, hagu, ja da koriya, dama. Ku sake faɗa.

Yanzu ku juya katirij ku dubi bayansa. Za ku ga ƙusoshi huɗu. Wasu kamfanoni suna sa zoben launi a gindin kowace ƙusa, sai ku bi launin kawai. Wasu haruffa suke rubutawa. L na nufin hagu, wajen fara ke nan. R na nufin dama, wajen ja. LG wajen shuɗiya, RG wajen koriya. In alama ce aka sa, ta tarawa (+) ita ce ta fara da ja, ta ɗebewa (−) ita ce ta shuɗiya da koriya. Kada ku ce tsohon katirij ja tana sama don haka sabon ma sama take. Kowane kamfani da yadda yake jera ƙusoshinsa. A karanta bayan katirij, kowane lokaci.

Wajen cire tsohuwar waya, ku kama ɗan bakin ƙarfen da ke ƙarshen wayar da matsefata ku ja a hankali, a miƙe. Ba a jan wayar kanta, siririya ce ƙwarai, tsinkewa take yi daga gindi. Bakin ƙarfen ake kamawa. Ku kwance notoci biyun da ke riƙe da tsohon katirij, ku ɗora sabon katirij, ku ɗaura su sako-sako tukuna. Sannan ku tura wayoyin ɗaya bayan ɗaya: fara a L, shuɗiya a LG, ja a R, koriya a RG.

In bakin ya yi wa ƙusa yawa yana zamewa, ku cire shi, ku zura tsinken sakace a ciki, ku ɗan matse da matsefata. Tsinken ne zai hana shi rufewa gaba ɗaya. In ya yi matsi, ku buɗa shi kaɗan da tsinin tsinken. Kada a kuskura a kai ƙarfen dalma jikin ƙusar katirij, zafin zai lalata siraran wayoyin da ke ciki, kuma ba su da gyara.

Ga yadda kuskure ke bayyana. In an musanya fara da shuɗiya, sauti zai fito amma ba nauyi, ganga ba ta duka, muryar mawaƙi ba ta tsayawa a tsakiya. In wayoyin hagu sun koma dama, abin da ya kamata ya fito a lasifikar hagu sai ya fito a ta dama. In baki ɗaya bai kama ba, za ku ji ƙugi ko lasifika ɗaya ta yi shiru.

An faɗa an maimaita, amma duk da haka sai a sami mai haɗawa da ka, bai duba bayan katirij ba, sannan ya ce kayan ne jabu. Haba, jama'a! Dubawar nan ba ta cin minti ɗaya. Fara da shuɗiya, hagu. Ja da koriya, dama. Wanda bai riƙe wannan ba ya koma farkon darasin, kada ya wuce.

Darasi na 3: Daidaita zama

Ramukan notoci dogaye ne don katirij ya iya matsawa gaba da baya. A garmaho irin Technics SL-1200, daga tsinin allura zuwa robar da ke bayan kan milimita 52 ne. Ku auna, ku tabbata katirij bai karkace ba, ku ɗaure notocin daidai wa daida ba da ƙarfi ba. Ku mayar da kan, ku murɗa zoben.

Darasi na 4: Nauyi

Ku cire murfin allura, ku mayar da maɓallin hana zamewa, wanda ke gindin hannu yana hana allura zamewa zuwa tsakiyar faifai, sifiri. Ku juya nauyin da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska. Ku kai zoben lamba da ke jikin nauyin sifiri shi kaɗai, sannan ku juya nauyin duka zuwa abin da takardar katirij ta ce. Audio-Technica AT-VM95E giram 2 ne. Maɓallin hana zamewa shi ma a sa shi a 2.

Darasi na 5: Gwaji

Ku rage murya, ku gwada da faifan da ba ku ji da shi. In akwai ƙugi, a duba wayar at da ke bayan amfilifaya, sannan a koma darasi na 2.