Kurakuran da aka fi yi a conditionnel passé na Faransanci, ni dai na gaji da jan biro a kansu

Jiya da daddare na zauna duba takardun 'yan lesin ɗina, takarda goma sha huɗu, tara daga ciki sun rubuto min "si j'aurais su". Tara fa! Kuma satin da ya wuce muka yi darasin nan har sai da na sa kowa ya maimaita sau uku. Shi ne na ce bari in rubuta abin wuri ɗaya, duk wanda ya sake yi in tura masa ya karanta, maƙogwarona ya huta.

Ga wanda bai iso wurin ba tukuna, conditionnel passé shi ne lokacin da-na-sani, wato abin da ya so faruwa amma bai faru ba. Haɗa shi ba wuya. Ka ɗauko avoir ko être a conditionnel présent, wato aurais, aurais, aurait, aurions, auriez, auraient, ko kuma serais, serais, serait, serions, seriez, seraient, sai ka liƙa masa participe passé. J'aurais mangé, da na ci. Je serais parti, da na tafi. Iyakarsa ke nan, wurin amfani da shi ne ake zubar da garin.

Bari in fara da si ɗin nan don shi ne ya fi ci min rai. Na daɗe ina tunanin me ya sa Bahaushe ke yawan faɗawa wannan ramin, daga baya na gane harshenmu ne ke jan mu. Mu muna cewa "da na sani da ban zo ba", da a farko, da a ƙarshe, iri ɗaya. To mutum ya riga ya haddace cewa "da na" shi ne j'aurais, sai ƙwaƙwalwa ta yi masa sauƙi ta zuba aurais a ɓangare biyun. Faransanci bai yarda da haka ba. Ɓangaren da si yake, plus-que-parfait ake sawa, wato irin su j'avais su, ɗaya ɓangaren ne kawai ke ɗaukar conditionnel passé: si j'avais su, je ne serais pas venu. Ko ka juya jimlar ka ce je ne serais pas venu si j'avais su, dokar na nan, duk inda si ya je avais ɗinsa na biye da shi. Même si ma haka. Su kansu yaran Faransa suna wannan kuskuren, shi ya sa malamansu ke rera musu "les si n'aiment pas les rais", wato si ba ya son kalma mai ƙarewa da rais, amma don su ma suna yi ba zai hana a rage maka maki ba.

Ni wannan abin kuɗi ya ci min. Lokacin da na fara zana DELF B2, jarrabawar shaidar iya Faransanci, a ɓangaren magana, ina cikin zuba bayani ina jin kaina kamar ɗan Paris sai na ce "si le gouvernement aurait construit", kafin in rufe baki na ga matar da ke sauraro ta sunkuya ta yi rubutu. Wallahi daga nan komai ya kwance min, na koma in gyara na sake yin wani kuskuren, na manta hujjata ta biyu, gumi kawai nake. Jarrabawar maki 100 ce, ana son 50, kuma kowane ɓangare cikin huɗun sai ka sami aƙalla 5 daga 25. Ni 48 na ci. Ba zan ce kuskuren kaɗai ya kayar da ni ba, ruɗewar da ta biyo bayansa ce, amma dai shi ya buɗe ƙofar, kuma sai da na sake biyan kuɗin rajista na jira wani zangon. Saboda haka in ka gan ni ina faɗa a aji kan harafi huɗu, ka san inda ke min ciwo.

Maganin da na yi wa kaina, kuma ban ce a littafi na gani ba: kullum kafin in kwanta sai in rubuta da-na-sani uku na ranar. Si j'avais quitté la maison à six heures, je n'aurais pas raté le bus. Si j'avais gardé mon argent, j'aurais acheté ce téléphone. Irin haka, wata biyu cur. A raina kuma ina cewa "da" na farko avais, "da" na biyu aurais, har bakina ya saba. Ku kuma kuna son ku kalli bidiyon minti uku a waya ku ce kun iya, to ba haka ake yi ba, sai hannu ya rubuta baki ya faɗa.

Akwai wani si da ke karɓar rais fa, kar wani ya je yana gyara wa mutane abin da yake daidai. Shi ne si mai ma'anar "ko". Il m'a demandé si j'aurais accepté, ya tambaye ni ko da zan yarda. Ka fassara da Hausa, in "ko" ya fito to ba laifi. Au cas où kuwa shi conditionnel ɗin ma yake nema: au cas où tu aurais oublié.

Na biyu, wanda kusan babu malamin da ke tsayawa a kai, kuma shi ne ya raba ni da wani aiki mai tsoka. Conditionnel passé ba kullum yake nufin da-na-sani ba, wani lokaci "wai" yake nufi. Shekarun baya ina yi wa wani alhaji tafinta, yana shigo da kaya daga Kwatano ta Gaya zuwa Maraɗi. Wakilinsa na can ya turo saƙo: "Le camion serait arrivé à Gaya hier soir." Alhaji ya miƙo min waya ya ce malam duba mana. Ni kuwa da rawar kai na ce ranka ya daɗe cewa ya yi da motar ta iso Gaya jiya da dare, ka ga ke nan ba ta iso ba. Alhaji ya ce to a dakata da tura yaro da takardun kwastan. Ashe mutumin cewa yake WAI motar ta iso, ya ji labari ne bai tabbatar ba. Mota ta yi kwana uku a tsaye, direba ya fusata, aka yi ta biyan kuɗin kwana. Da gaskiya ta fito alhaji bai zage ni ba, kallona kawai ya yi ya ce "malam, ashe Faransancin naka na cikin kasuwa ne." Tun daga ranar bai sake kirana ba, ni kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

To ga yadda nake rarrabewa yanzu. In babu si a kusa, babu wani sharaɗi irin su sans toi, à ta place ko sinon, musamman in ka ga selon ko d'après, to galibi wai ne. Ku buɗe shafin RFI na Faransanci ku duba, 'yan jarida suna yawan amfani da shi in labari bai tabbata ba. L'incendie aurait fait dix morts, wai gobarar ta kashe mutum goma. Masu fassara labari suna watsawa a WhatsApp kuma su nasu kuskuren a juye yake, sai su cire wai ɗin su ce "ta kashe mutum goma" kamar a gabansu aka ƙirga. Ku ji tsoron Allah, ɗan jaridar ma da ya rubuta bai rantse ba.

Sauran ƙanana ne amma suna cin maki. Ba a cewa j'aurais venu, je serais venu ne, duk aikatau ɗin da ke tafiya da être a passé composé (aller, venir, partir, arriver, rester, tomber, naître, mourir da 'yan uwansu) a nan ma être ne, haka masu se: je me serais levé. Shi kuma être kansa avoir yake ɗauka, j'aurais été, kar in sake ganin je serais été. Sortir in yana da abin da aka fitar ya koma avoir, j'aurais sorti la voiture.

In da être ne a duba mace ko namiji, ɗaya ko jam'i: elle serait partie, ils seraient restés. 'Yan mata ku kuke yawan mantawa da e ɗinku, ban san dalili ba. In da avoir ne ba a wannan dubawar sai in abin da aka aikata a kansa ya zo kafin aikatau, shi ake dubawa: la lettre que j'aurais écrite.

J'aurai da j'aurais, s ɗaya ne tsakaninsu amma ɗaya gaba yake kallo ɗaya baya, kuma a baki da yawa ba sa bambantawa. Ni canza je nake yi zuwa il, in aura ya zauna babu s, in aurait ne a sa s. Serais kuma daban saurais daban, na biyun daga savoir yake.

J'aurais dû, ya kamata a ce na yi. Hular nan ta kan u ba ado ba ce, in ka cire ta ya zama du na du pain. Aikatau ɗin da ke biye da dû, pu ko voulu kuma infinitif ne, wato asalin siffarsa: j'aurais dû manger, da er. In ka yi shakka ka sa vendre a wurin, kunnenka zai gaya maka ba a cewa j'aurais dû vendu.

Pas yana shiga tsakani, je n'aurais pas dit, amma personne ƙarshe yake zuwa, je n'aurais vu personne.

Akwai kuma wanda ya zo min da j'eusse aimé, wai ya gani a wani tsohon littafi yana son ya burge ni. Daidai ne, shi ake kira deuxième forme, amma na adabi ne, ka faɗe shi a tashar mota a Yamai ka ga yadda za a kalle ka. Kuma shi ɗin dai yana cikin mutum taran da suka rubuto min si j'aurais su jiya, gobe da shi zan fara a allo.