Yaushe Mai Koyon Japananci Zai Fara Nutso Cikin Harshen? Kurakuran da Aka Fi Yi

Masu koyon Japananci suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: yaushe sabon shiga zai fara sauraron Japanawa suna hirarsu, ya karanta abin da suka rubuta wa junansu, maimakon ya tsaya kan littafin darasi? Wannan shi ne nutso cikin harshe. Wasu su ce tun ranar farko, wasu su ce sai an gama nahawu. A ganina duk sun bar jaki suna dukan taiki, domin abin da za ka saurara ya fi ranar farawar muhimmanci.

Kuskuren da ya fi kama mutane shi ne jira. Mutum ya ji cewa jerin kanji (alamomin rubutu masu asali daga Sin) na yau da kullum da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010 ya kai 2,136, sai gabansa ya faɗi, ya ce ba zai taɓa rubutun Japanawa ba sai ya haddace su. Alhali yaran Japan ɗin kansu shekara shida suke yi a firamare kafin su kai 1,026, kuma suna karatu tun daga aji ɗaya. Mai jira yakan sauke littafi irin Genki ko Minna no Nihongo, ƙila har ya ci matakin N5, wato na farko, na JLPT, jarrabawar ƙwarewa a Japananci, amma ranar da ya ji Bajapane yana magana da abokinsa sai ya yi tsuru-tsuru. Littafi ya koya masa shite imasu, bakin mutane yana cewa shiteru. Sunan mai aikin ma sukan cire shi daga jimla in dai an san wa ake nufi, ga aikatau can ƙarshe. Kunne ba ya sabawa da wannan sai da ji. Gyaransa: da zarar ka iya hiragana da katakana, jerin haruffan sauti biyu na Japananci, haruffa 46 kowanne, ka riƙe 'yan ɗaruruwan kalmomi da ƙananan kalmomin nan masu riƙe jimla irin wa da ga da o da ni, to ka fara sauraro kullum, ko da minti ashirin ne. Nahawun ya ci gaba da tafiya gefe guda.

Sai masu ɗaya gefen, waɗanda suka ji an ce jariri ba ya zuwa makaranta kafin ya iya magana, don haka suka watsar da littafi, suka kunna anime, wato zane-zanen katun na Japan, daga safe har dare. Yawanci sunan Stephen Krashen suke kamawa, masanin harshe na Amurka da ra'ayinsa ya yi tashe a shekarun 1980. To amma shi abin da ya faɗa shi ne harshe yana shiga ta hanyar abin da ka fahimta, wanda ya ɗara matsayinka da kaɗan. Maganar da ba ka tsinci komai a cikinta ba, hayaniya ce kawai, ko awa nawa ta yi a kunnenka. Na san za a ce ai a Kano akwai waɗanda suka ji Indiyanci ta kallon fim. Haka ne, amma shekaru suka ɗauka, suna maimaita fim ɗaya har su haddace shi, hoto yana nuna musu ma'ana. Kuma ji suka koya. Kanji ba ya shiga ta kunne.

Abin yi shi ne ka sauko ƙasa, ka haɗiye girman kai. Akwai tsarin karatu da ake kira tadoku, wanda wata ƙungiya a Tokiyo take yaɗawa, da 'yan littattafai na kyauta a intanet tun daga matakin 0, mai hoto da jimla ɗaya ko biyu a shafi. Dokokinsa huɗu ne: fara da mai sauƙi, kada ka buɗe ƙamus, tsallake abin da ba ka gane ba, in littafi ya gundure ka ka sake wani. Bayan 'yan watanni sai ka gwada NHK News Web Easy, labaran da gidan rediyo da talabijin na Japan yake sauƙaƙawa, da ƙananan hiragana a saman kanji suna nuna yadda ake furta shi. Ma'aunin ba wuya: in za ka iya ba wani labarin abin da ka ji a taƙaice, matakinka ne. In ba za ka iya ba, ka nemi wanda bai kai shi ba.

Kallo da fassarar Turanci a ƙasan allo kuwa, karatun Turanci kake yi. Ka mai da rubutun na Japananci, ko ka kalla sau ɗaya da fassara ka sake kallo babu ita. Haka ma romaji, wato rubuta Japananci da boko, a rabu da shi cikin watan farko.

Akwai kuma wanda Anki, manhajar bitar kalmomi da katuna, ta cinye. Katin kalma ɗari uku ke jiransa kowace safiya, kafin ya gama ya gaji, bai saurari komai ba. Anki tana da amfani, amma kalma goma sababbi a rana sun wadatar, kuma gara a tsinto su daga abin da ka karanta jiya.

Wanda ya fara sauraro da wuri, in Bahaushe ne, yana da wata riba da Bature ba shi da ita. Kunnenmu ya saba da tsawon wasali da nannagen baƙi da karin sauti, kuma Japananci yana rarrabe ma'ana da su: obasan goggo ce, obaasan kaka, ame in an ɗaga farkonsa ruwan sama ne a karin Tokiyo, in an ɗaga ƙarshensa alewa. Sai dai a kula da bakin wanda ake kwaikwayo. Jaruman anime suna jifan juna da omae da kisama, kalmomin da in ka faɗa wa malami ko maigidanka a wurin aiki ka yi rashin kunya. Don haka cikin abin da kake saurara ka sa hirar mutane ta gaske, inda ake amfani da desu da masu, ƙarshen jimla na ladabi, su kuma ka fara buɗe baki da su.