Yadda Ake Sauraron Littafin Tarihi a Waya

Ana yawan tambayata wannan, to ga matakan:

1. Sauke manhaja. LibriVox kyauta ce amma tsofaffin littattafai ke ciki, Audible kuwa ta kuɗi ce.
2. Saurari ɗanɗanon muryar mai karatun. In marubucin ne ke ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, ya fi armashi.
3. Duba tsawon littafin. Hattara, wasu taƙaitattu ne, an zubar da babi-babi.
4. Sauke shi gaba ɗaya.
5. Kada ka ƙara saurin karatun. Tarihi cike yake da sunaye da shekaru, nan da nan za su cakuɗe maka.
6. Sa alama a wurin da kake son komawa.
7. Da dare, saita shi ya tsaya bayan minti 30, don kada barci ya kwashe ka babi ya wuce.