Kurakuran da aka fi yi game da Robert Johnson da yadda za a gyara su

Duk wanda ya fara sauraron kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka, ba ya daɗewa sai an ba shi labarin Robert Johnson. Wai ya ɗauki jitarsa da tsakar dare ya tafi wata mararraba a jihar Misisipi, ya sayar wa Shaiɗan da ransa, ya dawo gwani. Wannan ne babban kuskuren, kuma shi ya fi ci mini rai, domin yana ƙwace wa mutum guminsa.

Ga abin da aka sani. Son House, wanda ya girme shi a sana'a, ya ce ya san Robert yana saurayi a garin Robinsonville, yana damun mutane da jita alhali bai iya ba. Sai aka daina ganinsa. Ashe yankin Hazlehurst ya koma, inda aka haife shi a 1911, ya tare a wajen wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman yana koyo. Iyalan Zimmerman sun ce a maƙabarta su biyun kan yi gwaji da dare, saboda a can ba mai cewa an hana shi barci. Da ya dawo hannunsa ya faɗa, sai mutane suka nemi dalilin a wajen aljanu. Labarin mararrabar ma a kan wani Johnson ɗin daban aka fara ba da shi, wato Tommy Johnson, wanda ba su haɗa dangi ba, kuma ɗan'uwan Tommy ɗin ne ya faɗa. Gyaran mai sauƙi ne: saurari waƙarsa Cross Road Blues da kunnenka. Za ka ji mutum ya durƙusa yana roƙon rahamar Ubangiji, rana na faɗuwa, ba wanda ya tsaya ya rage masa hanya. Babu ciniki da Shaiɗan a ciki. Gaskiya ne ya ambaci Shaiɗan a wata waƙar, amma ambato a baiti ba ya zama shaida a kan rayuwar mawaƙi.

Kuskure na biyu shi ne a kira shi uban blues. Ya zo ne bayan kasuwa ta cika. Mamie Smith ta yi faifan blues tun 1920, Blind Lemon Jefferson ya shahara daga 1926, Charley Patton ya fara ɗauka a 1929. Robert bai shiga ɗakin ɗaukar sauti ba sai Nuwambar 1936. Ni a ganina baiwarsa a kunne take. Ya tashi a zamanin garmaho, ya sha faifan magabata har ya haddace, sannan ya sake gina su. Ka ɗauko 22-20 Blues ta Skip James ta 1931, wadda da fiyano aka yi ta, ka bi ta da 32-20 Blues ta Robert, za ka ji yadda ya kwashe aikin fiyano ya ɗora wa jita. Haka ya yi aro daga waƙoƙin Kokomo Arnold da Leroy Carr. Wanda ya fara da waɗannan kafin ya zo kansa, shi ne zai gane inda Robert ya yi aro da inda ya zarce.

Akwai kuma masu rantsuwa cewa mutum biyu ne ke kiɗa a faifan. Ko Keith Richards, makaɗin jita na ƙungiyar Rolling Stones, ya faɗa wannan ramin, don da ya fara ji sai ya tambayi wane ne na biyun. Shi kaɗai ne. Babban yatsa yana riƙe da amo mai nauyi a tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsun suna amsa wa muryarsa a kan sirara, wani lokaci da wuyan kwalba yana gogawa. Ka bi babban yatsan kaɗai a sauraron farko, a na biyu ka bi na sama.

Batun yawan waƙoƙi: 29 ne, a zama biyu. Na farko a ɗakin otal ɗin Gunter da ke San Antonio a 1936, na biyu a Dallas a Yunin 1937, duka a ƙarƙashin kulawar mai shirya faifai Don Law. In ka ga kundi mai waƙa 41 ko 42, maimaici ne aka haɗa, domin akan ɗauki waƙa sau biyu. Kada ka tsallake maimaicin. A nan ne ake ganin yadda ya riga ya yanka kowace waƙa daidai minti ukun da faifai ke ɗauka.

Wasu kuma suna zaton ya mutu yana tauraro. Terraplane Blues, mai sunan wata mota, ita kaɗai ta ɗan yi kasuwa a yankinsa. Abincinsa a bakin titi da gidajen rawa ya nema, daga wannan gari zuwa wancan. Sunansa bai cika duniya ba sai da kamfanin Columbia ya tattara waƙoƙinsa a kundi a 1961, matasan Ingila irin su Eric Clapton suka rungume shi.

A kan mutuwarsa, a daina yanke hukunci. Ya rasu ranar 16 ga Agustan 1938 kusa da Greenwood, yana da shekara 27. Abokan sana'arsa sun ce guba wani miji mai kishi ya sa aka zuba masa a giya, amma takardar shaidar mutuwarsa, wadda mai bincike Gayle Dean Wardlow ya gano a 1968, ta nuna babu likitan da ya duba shi. Saboda haka in za ka faɗi zancen gubar, ka ce "an ce". Haka ma kabarinsa: wurare uku ne aka kafa wa dutse da sunansa, kodayake an fi karkata ga na cocin Little Zion.

A Disambar 1938 mai shirya faifai John Hammond ya shirya babban taron kiɗa a Carnegie Hall da ke New York, ya aika a nemo Robert, sai aka dawo masa da labarin rasuwa. Faifansa biyu ya sa wa jama'a a kan dandamali.