Darasi na Tara: Karanta Galan ɗin Baƙin Mai Kafin A Yi Wa Motarka Juye

Jama'a barkanmu da war haka. A darussan baya mun sha fama da haruffan boko da lambobi, to yau za mu ɗauki wanga karatu mu shiga gareji da shi, don da yawa daga cikinku direbobi ne, wasu suna lodin Birnin Kebbi zuwa Jega, wasu Argungu, wasu har Yauri da Kamba, wasu kuma kabu-kabu suke yi da mashin. Kuma kusan kowa in lokacin juye ya yi sai dai ya miƙa wa yaron gareji kuɗi ya ce je ka sayo galan ɗaya mai kyau, shi ke nan, ba a duba me aka rubuta jikin galan ɗin ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin injin mota shi ne jarin mutum kacokan, abincin gidansa daga nan yake fitowa.

Mu fara da maganar da ta fi yawo a tasha, wai mai mai kauri shi ne mai kyau. Za ka ga mutum ya ɗiga mai a yatsa ya murza, in ya ji shi kamar zuma sai ya ce yawwa wannan shi ne mai, in ya ji shi tsararo sai ya ce ruwa ne. Yatsa ba ya auna baƙin mai. Mutanen da suka ƙera injin su suka san faɗin ƴan hanyoyin da man zai bi a ciki, kuma sun rubuta irin man da suke so, wani lokaci a kan murfin da ake buɗewa a zuba mai, kullum kuma a cikin littafin motar. Aikinmu kawai mu karanta.

Ɗauki galan ka duba gabansa, za ka ga haruffa uku, SAE, wato sunan ƙungiyar injiniyoyin mota da ta tsara ma'aunin kaurin mai, sai lambobi kamar 5W-30 ko 10W-40 ko 20W-50. Lamba biyu ce aka raba da ɗan layi. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu lokacin sanyi, W ɗin harafin farko ne na sunan lokacin sanyi a Turanci, kuma in lambar ta yi ƙasa to man ya fi saurin zagaya injin da asuba sa'ad da ka tada mota. Ta biyu kuma, 30 ko 40 ko 50, kaurin man ne bayan injin ya ɗau zafi, a digiri 100 ake auna shi. Ke nan 20W-50 ya fi 5W-30 kauri da sanyi da zafi duka.

Na san abin da za ku ce, Malam ai mu nan zafi gare mu, watan Afrilu a Birnin Kebbi rana takan wuce digiri 40, me zai haɗa mu da man ƙasar ƙanƙara. Maganarku tana da ƙamshin gaskiya amma ba duka ba. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da 505 da iyayenmu suka tuƙa, injinsu yana karɓar mai mai kauri lafiya lau, kuma littattafan motoci da dama suna da wani zane da ke nuna man da ya dace da zafin kowace ƙasa, in littafinka ya ba ka damar 15W-40 ko 20W-50 a ƙasa mai zafi to bismillah. Amma injin zamani daban yake. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ake kawowa daga Amurka, 5W-30 aka rubuta mata, sababbin da suka biyo baya kuwa da yawa 0W-20 suke nema. Irin injin da ka ga an rubuta VVT-i a kansa, da ƙarfin turin mai yake sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul, ta wasu ƴan ƙananan ƙofofi masu rariya, to in ka ɗura masa mai mai kauri sosai man ba zai isa wurin da wuri ba, motar ta riƙa shan fetur, ta yi nauyi, wata rana fitilar gargaɗin injin ta kama a gaban direba a rasa dalili. Kuma ku tuna zafin cikin injin da ke aiki ya ninka zafin ranarmu, ko a Kebbi ko a Jamus injin da ya ɗau zafi yana kusa da digiri 90 zuwa 100 ne, ruwan lagireto ke riƙe shi a nan.

Akwai wani dattijo a ajinmu na bara, yana da Corolla yana haya da ita, ya ce min bakaniken shi ya ce a zuba mai kauri don motar ta daina shan mai. Ranar da muka yi wannan darasi ya koma garejin ya buɗe bonet ya nuna murfin da yatsa ya ce, oga karanta min nan, ni dai na ga biyar da W da talatin. Bakaniken ya yi dariya ya ce, Baba ashe makarantar taku ba wasa ba ce. Gaskiya ne mai mai kauri yakan ɓoye hayaƙi da shan mai na ɗan lokaci in ringi ya cinye, amma ringin yana nan a cinye, gyara yake jira.

Yanzu juya galan ɗin ka duba bayansa. Nemi haruffa uku, API. Wata cibiya ce ta harkar man fetur a Amurka da ke ba baƙin mai daraja, kamar dai aji a makaranta. Bayan API za ka ga haruffa biyu. In na farko S ne, na injin fetur ne, in C ne, na injin gas ne wato dizal, irin na tirela da tifa da tarakta da wasu Hilux. Harafi na biyu shi ne ajin, kuma nan ne karatun abacada zai yi maka rana, don duk yadda harafin ya yi nisa a jerin haruffa to man ya fi zama na zamani. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A ɓangaren fetur sabon aji yana iya tsayawa a madadin tsoho, wato in littafinka ya ce SL ka samu SN ko SP ba laifi, amma in ya ce SN ka zuba SF ko SG ka cuci injin. In kuwa ka ga SA ko SB jikin galan, ajiye shi ka yi gaba, SA ma ba a sa masa sinadaran kare injin ba sam, bai dace da motar da aka ƙera bayan 1930 ba. Na dizal kuma za ka ga irin su CF, CH-4, CI-4. Wasu galan suna ɗauke da biyun, kamar SL/CF.

Masu motocin Turai, ku ne aikinku ya fi yawa. Golf da Sharon da suka cika tashoshinmu, da Mercedes da Peugeot 406, kamfanoninsu ba su tsaya ga API kaɗai ba. Akwai ma'aunin Turai da ake rubutawa ACEA, sai ka ga A3/B4 ko C3, sannan kowane kamfani yana da lambar amincewarsa, shi da kansa yake gwada man ya ce na yarda a zuba wa injina. Na Volkswagen za ka ga VW 502 00 na fetur, VW 505 00 na dizal. Na Mercedes MB 229.3 ko MB 229.5. Na Peugeot yana farawa da B71. Na BMW kuma LL-01. Ba sai ka haddace su duka ba, taka kaɗai za ka nema a littafi ka rubuta a ƴar takarda ka saka a aljihun mota. Sai dai a kula da wata dabara ta masu sayarwa, wani galan an rubuta cewa kamfanin motar ya amince da shi, wani kuma masu man ne da bakinsu suke cewa namu ya kai wancan ma'auni, ka ga da shaidar wani da yabon kai ai ba ɗaya ba ne. In littafin ya ɓace, kamar yadda yawancin motocin Kwatano ke zuwa ba shi, sa ɗanka ko wani mai babbar waya ya nemo maka a intanet da sunan motar da shekararta.

Ƴan kabu-kabu, kada ku zuba ragowar man mota a mashin. Kulocin mashin a cikin mai yake jiƙe, wasu man mota kuma an sa masu sinadarin santsi da zai sa kulocin ya riƙa zamewa. Ku nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi cin rai. Duk karatun nan ba shi da amfani in abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a waje ba. Akwai marasa tsoron Allah da ke tattara tsofaffin galan su cika da tsohon man da aka tace ko wanda ba a san asalinsa ba. Duba murfin ko an taɓa ɓalle shi, duba ko rubutun ya dushe ko an yi kuskuren haruffa, duba ranar da aka yi shi da lambar kamfani, duba tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Man awo da ake ɗiba a durom a zuba a gorar ruwa a bakin hanya, ba suna ba lamba, me za ka karanta a jikinsa? In da hali saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, ka tsaya a buɗe a gabanka a zuba a gabanka, in an gama ka huda galan ɗin ko ka tafi da abinka gida. Kuma araha in ta yi yawa abin tambaya ce.

Lokacin juye ma littafin ya faɗa, kuma yawanci kashi biyu yake rabawa, tuƙi na yau da kullum da tuƙi mai wahala. Mu a na biyun muke, ga ƙurar hunturu, ga hanyoyin ƙauye marasa kwalta, ga lodin buhunan shinkafa da albasa fiye da ƙima. Don haka direbobi da yawa ke yin juye wajen kilomita 5,000, a canza filtar mai tare, kada a bar tsohuwa don ragin kuɗi. A lura motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil 1 kilomita 1.6 ne, ke nan mil 3,000 ya kai kilomita 4,800. Kowace safiya kafin ka tada mota, tana tsaye a wuri mai daidai, zaro geji ka goge ka mayar ka sake zarowa, man ya tsaya tsakanin alamu biyun, kada ya gaza kada kuma ya wuce. In jar fitila mai siffar buta ta kama kana cikin tafiya, ka sauka gefe ka kashe nan take, ko da saura kilomita biyu ka shiga Jega. Tsohon man da aka juye kuma don Allah kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya ko fadama, kuma a daina shafa shi a gyambon dabbobi.

Aikin gida: kowa ya buɗe bonet ɗin motarsa ko ta maigidansa ya kwafo abin da ke kan murfin mai a littafin rubutunsa, sannan ya samo tsohon galan a gareji ya kwafo lambar SAE da haruffan API. Wanda ba shi da mota ya yi da mashin ko injin ban ruwa. Ranar darasi na gaba a zo da galan ɗin aji, za mu jera su kowa ya tashi ya karanta nashi da ƙarfi.