Kwana Uku a Seward: Abin da Baƙo Daga Maraɗi Zai Yi Ban da Kamun Kifi

Seward ƙaramin gari ne a bakin teku a jihar Alaska ta Amurka, mutanensa ba su kai dubu uku ba. Sunan William Seward aka sa masa, sakataren harkokin wajen da ya jagoranci sayen Alaska daga hannun Rasha a 1867. Baƙi da yawa kamun kifi ke kai su. Amma mutumin Maraɗi da Allah ya kai can, abin da ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa shi ne gulbin ƙanƙara: dusar da ta taru shekaru aru-aru, ta danne kanta har ta zama dutse, take gangarowa daga tudu sannu-sannu.

Lokacin zuwa daga ƙarshen Mayu ne zuwa farkon Satumba. Daga Anchorage, birni mafi girma a Alaska, tafiyar kilomita 200 ce, ba ta kai Maraɗi zuwa Damagaram ba, awa biyu da rabi a mota. Jirgin ƙasa kuwa da sassafe yake tashi, ya yi awa huɗu da ɗan kai, ya juyo ƙarfe 6 na yamma.

Kafin komai, sutura, don a nan mutanenmu suke fara faɗuwa. Lokacin zafinsu kamar asubahin hunturu yake a Maraɗi, digiri 10 zuwa 17, sai dai da yayyafi da ba ya gajiya. Shadda da duk tufafin auduga suna shan ruwa su riƙe shi a jikin fata, iska kuma ta bi ta kansu ta zuƙe ɗumin jiki. Saka kaya hawa uku: rigar ciki ta ulu ko ta roba, suwaita a kai, sannan rigar ruwa mai hula. Haɗa da safar ulu biyu, safar hannu, da takalmi rufaffe mai kaushin ƙasa. Babbar riga ɗaya mai kauri ba ta maye gurbin wannan, domin in ka fara hawa gumi zai keto maka, ba ka da abin cirewa, gumin ya huce a jikinka.

Ranar farko a ba gulbin ƙanƙarar da ake kira Exit Glacier, wanda ke cikin gandun Kenai Fjords da aka kafa a 1980. Kilomita 19 ne daga gari, kusan kamar zuwa Madarunfa, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Tun a hanya za ka fara ganin alluna ɗauke da shekaru, kowane yana nuna inda bakin ƙanƙarar yake a wannan shekarar. Allon farko a tsakiyar kurmi yake. Yayin da kake matsawa itatuwa suna ƙanƙancewa, har ka iso tsakuwa tsirara da ƙanƙara ta saki kwanan nan. Zuwa wurin kallo da dawowa kamar kilomita 3 da rabi ne, dattijo ma zai iya. Shuɗin da ke cikin tsagogin ba rini ba ne: nauyi ya matse iskar ciki ta fita, ƙanƙarar tana shanye jan haske ta maido shuɗi. Kada ka ƙetare igiyar da aka gitta. Guntun da zai ɓalle daga sama yakan fi buhun gero nauyi sau da yawa, kuma ba ya sallama.

Mai ƙarfin gwiwa sai ya kama hanyar Harding Icefield daga wuri guda. Kilomita 13 ce zuwa da dawowa, hawan kusan mita dubu, awa 6 zuwa 8. A sama za ka tarar da farin fili iya ganinka, uwar da gulaben ƙanƙara kusan 40 suke tsatsowa daga gare ta. Fita ƙarfe 8 na safe da ruwa lita biyu, dabino, ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, da gilashin rana, saboda hasken da dusa ke maidowa yana ƙona ido. Har farkon Yuli akan sami dusa a saman hanyar. Sa wa kanka lokacin juyowa, ko ka kai ko ba ka kai ba. Hazo yakan rufe wurin cikin mintoci, waya kuma ba ta kamawa. Saukowa ta fi cin gwiwa, sanda tana taimako. Ruwan ƙoramu garau yake a ido, amma yana iya ɗauke da ƙwayar cutar zawo.

Akwai beyar, wata babbar dabba mai yawan gashi da manyan faratu, a wannan daji. Ku tafi ku biyu ko uku kuna hira da ƙarfi, don yawanci ba-zata ce ke sa ta kai hari. In kun haɗu kada a ruga, ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba. A ja da baya a hankali ana fuskantarta. Feshin barkono na korarta a can ake saye, ba a shiga jirgin sama da shi. Taka kan ƙanƙarar kanta sai da ɗan jagora, wanda zai ɗaura maka haƙoran ƙarfe a takalmi, don akwai ramuka masu zurfi da dusa ke lulluɓewa.

Rana ta biyu ta jirgin ruwa ce, kuma a duba tikiti da kyau. Yawon awa uku ko huɗu a cikin mashigin Resurrection yake tsayawa, ba ya kai ka gaban ƙanƙarar da ke zuba cikin teku. Na awa 6 shi ke zuwa gulbin ƙanƙarar Aialik ko na Holgate, inda matuƙi zai tsaya nesa kaɗan ya rage ƙarar inji. Ido za ka kafa wa bangon, ba kunne ba: haske ya fi sauti gudu, kafin ka ji rugugin kamar aradu guntun ya riga ya faɗa ruwa. A hanya ana ganin manyan dabbobin tekun da ake kira wel, da zakunan teku kwance kan duwatsu.

Sai dai jirgin zai ratsa buɗaɗɗen teku, kuma wanda iyakar saninsa kwalekwalen tafkin Madarunfa ne zai ji jiri. Ido na cewa ana zaune, kunnen ciki na cewa ana lilo, sai amai. Sha maganin jiri awa ɗaya kafin tashi, in ya riga ya kama ka amfaninsa kaɗan ne. Karya da abu marar maiƙo, riƙe citta a baki, zauna ƙasa ta bayan jirgi kana duban inda sama ta haɗu da ruwa, waya a aljihu.

In rana ta uku ta zo da ruwan sama, shiga Alaska SeaLife Center da aka buɗe a 1998, inda ake jinyar dabbobin teku. Awa biyu sun isa. Masu karnukan jan keken dusa ma suna ɗaukar baƙi a amalanke mai taya, ga wanda kare bai dame shi ba. Allunan da ke nuna hanyar tudu a titunan gari kuwa na gaske ne: girgizar ƙasa ta 1964 ta tura igiyar ruwa da ta share bakin gaɓar. In ƙasa ta motsa, tudu za ka nufa nan take.

Abinci, kifi ya wadatar. Tsiran naman barewarsu da ake tallatawa galibi da naman alade a ciki, a tambaya. Alƙibla can ba gabas take ba, kusan arewa ce sak. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 11 na dare, duhu kuma ba ya kammala, saboda haka a nemi jadawalin salla daga masallacin Anchorage tun kafin a gangaro. Mai kiran gida ya tuna Maraɗi tana gaba da awa 9: ƙarfe 10 na safe a Seward, ƙarfe 7 na yamma ne a unguwar Zariya ko Sabon Gari.